Ladi Kwali: Maginiyar da ta kai tukunyar Gwari manyan gidajen tarihi na duniya

A Tungan Maje, garin da ke bakin babbar hanyar da ta taso daga Zuba ta nufi Gwagwalada, takardar Naira 20 tana shiga hannu tana fita tun daga safiya har dare, a teburin mai shayi, da wurin mai ƙosai, da hannun yaran mota. Kowa ya san fuskar da ke gaban takardar, domin da sunan mai fuskar ma ake kiran kuɗin, wato Murtala. Sai dai kaɗan ne ke juya bayanta su tsaya su dubi matar da ke duƙufa a kan aikin tukunya, balle su karanta sunan da aka rubuta tare da hoton.

Wannan mata ita ce Ladi Kwali, kuma ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Wanda ya bar Tungan Maje ya yi kudu, ya wuce Giri da Gwagwalada, zai isa Kwali, inda aka haife ta. Wanda kuma ya yi arewa, ya ratsa Zuba da Madalla ta gefen Dutsen Zuma, zai isa Suleja, inda ta shafe kusan shekara 30 tana aiki. Tsakanin waɗannan garuruwa biyu ne rayuwarta ta gudana, kuma daga nan ne sunanta ya kai Landan da Paris da biranen Amurka.

Har yau ita kaɗai ce macen da aka sanya hotonta tare da sunanta a kan takardar Naira. Ba ta yi sarauta ba, ba ta riƙe muƙamin siyasa ba, ba ta kuma shiga ajin boko ba. Da yumɓu da hannayenta biyu ta kai wannan matsayi.

Haihuwa da tasowa

An haifi Ladi a wajajen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gwarin Yamma, wadda a wancan zamani take ƙarƙashin Masarautar Abuja a Lardin Neja. Sunanta ya bi al'adar da ta yaɗu a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, ta kiran 'ya mace da ranar da aka haife ta, wato Ladi ga wadda ta zo duniya ranar Lahadi. Kwali kuwa sunan garinsu ne, wanda ya bi ta har ya zama tamkar sunan mahaifi.

A wurin al'ummar Gbagyi da Gbari, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, ginin tukwane sana'ar mata ce. Maza na gona da farauta, mata kuma, bayan taimakon da suke yi a gona da ɗaukar itace a kafaɗa kamar yadda aka san su da shi, su ne ke haƙo yumɓu, su jiƙa, su kwaɓa, su gina, su gasa, su kai kasuwa. A lokacin babu roba, kwanon ƙarfe kuma sai gidan mai hali. Saboda haka kusan duk abin da gida ke buƙata daga hannun maginiya yake fitowa: randar ajiye ruwa, da tulun ɗebo shi daga rafi, da tukunyar tuwo da ta miya, da kasko, da manyan tukwanen ajiyar hatsi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ladi tana ƙaramar yarinya ta fara koyon sana'ar a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, kamar yadda sauran 'yan matan garin ke koya, ta hanyar kallo da aike da gwaji. Ba a jima ba aka lura cewa hannunta ya fita dabam. Tukwanenta suna fitowa daidai wa daida ta kowane gefe, jikinsu ba kauri, zanensu kuma a tsare. Tun kafin ta manyanta masu saye suka san aikinta, har ya zama ba ya daɗewa a kasuwa.

Yadda ake ginin tukunyar Gwari

Domin a gane girman abin da Ladi Kwali ta yi, sai an fara sanin yadda matan Gwari ke gina tukunya. Ba su amfani da keken juyi. Maginiya takan ɗora curin yumɓu a kan wani mazauni mai ɗan zurfi, ta luma dunƙulen hannu a tsakiyarsa, sannan ta riƙa jawo yumɓun daga ciki zuwa sama har bango ya fara tashi. Daga nan sai ta murza wani yumɓun ya yi tsawo kamar igiya, ta riƙa ɗora shi zagaye bayan zagaye, tana lailaye shi da yatsu. Tukunyar tana nan wuri ɗaya, maginiyar ce ke kewaya ta a sunkuye, har ciki ya buɗe, kafaɗa ta rufe, wuya da baki su fito. Ba ma'auni ba magwaji, ido da hannu ne kawai ke aiki, amma idan an gama sai ka rantse da injin aka zagaye ta.

Idan tukunya ta sha iska ta ɗan yi tauri, sai a shiga ado. Ana murza ɗan guntun igiya da aka tufka ko ɗan icce mai tsaga-tsaga a jikinta, ya bar sawu a jere kamar saƙa. Sannan a ɗauki wani abu mai kaifi a tsaga layuka, a raba jikin tukunyar gida-gida. A cikin waɗannan gidaje ne Ladi ke zana halittun da ta tashi tana gani a daji da rafukan ƙasarsu: ƙadangare, da hawainiya, da kada, da kunama, da maciji, da kifi, da tsuntsaye. Ba ta kwaikwayon surarsu kamar hoto. Takan miƙar da su ko ta lanƙwasa su yadda za su dace da ƙirar tukunyar, ta cike jikinsu da ƙananan layuka masu gicciye.

Bayan tukwane sun bushe sarai, akan tara su a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Gashin ba ya ɗaukar dogon lokaci, zafinsa kuma yawanci bai wuce maki 600 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyas ba. Tun suna da zafi ake yayyafa musu ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ya ba su duhun launi da ɗan sheƙi.

Wannan gashi mai sauƙi yana da hikimarsa. Jikin tukunyar yakan kasance da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa waje, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Shi ya sa ruwan randa ke da sanyi ko a tsakiyar bazara. Haka kuma irin wannan tukunya tana jure wutar murhu ba ta fashe ba.

Fadar Sarkin Abuja da zuwan Cardew

Garin da a yau ake kira Suleja shi ne Abuja ta asali. Sarakunan Haɓe na Zazzau ne suka kafa masarautar bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya a farkon ƙarni na 19. Sarki Muhammadu Makau ya fara sauka a Zuba, ƙaninsa Abu Ja kuma ya kafa sabon gari a 1828, garin da ya ɗauki sunansa. A zamanin da tauraruwar Ladi ta fara haske, mai riƙe da sarautar shi ne Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon mulki a 1944. Sarki ne mai ilimi, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya yi aikin koyarwa, kuma yana da sha'awar sana'o'in hannu na talakawansa. Ya tara tukwanen Ladi a fadarsa, inda baƙi ke ganin su.

Cikin baƙin da suka gan su a 1950 akwai wani Bature mai suna Michael Cardew. An haife shi a 1901, ya yi karatu a Jami'ar Oxford, sannan ya koyi ginin tukwane a hannun shahararren magini Bernard Leach a Ingila. Ya zo Afirka ta Yamma a 1942, ya yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, da farko a ƙarƙashin Kwalejin Achimota, daga baya a garin Vume da ke bakin Kogin Volta. Gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta ɗauke shi aiki a Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu domin ya duba yadda za a inganta sana'ar tukwane a ƙasar.

Cardew ya zagaya sassan Najeriya yana duban yumɓu da magina. Abin da ya gani ya sa ya fahimci cewa tukwanen gargajiya ba su buƙatar gyaran kowa, domin sun dace da aikin da ake yi da su, ga araha. Sai ya ba da shawarar a kafa wata cibiya da za ta koyar da yin kayan tangaran masu ƙyalli, irin faranti da kofuna da butocin shayi, waɗanda a lokacin daga ƙasashen waje ake shigo da su. Ya zaɓi Abuja saboda akwai yumɓu mai kyau, da itacen wuta, da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki. A 1952 aka buɗe Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta Abuja.

Ɗaliban farko duk maza ne, daga garuruwa dabam-dabam na Arewa, kuma cikin waɗanda suka yi suna a cibiyar akwai Tanko Ashada da Bawa Ushafa da Peter Gboko. Babban mataimakin Cardew kuwa shi ne Kofi Athey, wanda ya biyo shi daga Gana. Amma tukwanen da Cardew ya gani a fada ba su bar zuciyarsa ba, ya yi ta neman mai su ta zo.

Mace ta farko a cibiyar

A ƙarshen 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ta zama mace ta farko da aka ɗauka. Ba ƙaramin mataki ba ne ga macen ƙauye a wancan zamani ta bar garinsu ta shiga aikin albashi a tsakiyar maza, a ƙarƙashin Bature. Kuma ba a matsayin 'yar koyo ta zo ba, domin ta riga ta ƙware a sana'arta fiye da duk wanda ke wurin.

Duk da haka ta zauna ta koyi sabon ilimi. Ta koyi ginin tukwane a kan keken juyi, inda yumɓu ke juyawa hannu yana tsaye, akasin abin da ta saba. Ta koyi haɗa ruwan ƙyalli da shafa shi, da jera kaya a tanderu, da yin akwatunan yumɓu da ake sanya kaya a ciki don kare su daga harshen wuta. Ta riƙa yin faranti da kwanuka da kofuna da butoci, tana tsoma su cikin ruwan jar ƙasa ko farar ƙasa, sannan ta kankare zane a kai da ƙayar beguwa. Kayan cibiyar suna ɗauke da hatimi mai sunan Abuja da rubutun ajami, nata kuma an ƙara musu haruffan LK. Da tafiya ta yi nisa ta zama mai koyar da wasu.

Sai dai aikin da ya ɗaukaka sunanta shi ne wanda ya haɗa tsohon ilimi da sabo. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu kamar yadda ta koya a Kwali, tana kewaya su, tana zana musu ƙadangaru da hawainiyoyinta. Bambancin shi ne yumɓun da aka haɗa a cibiyar mai jure wuta ne ƙwarai. Bayan ta tsaga zane, sai a cike tsagar da farar ƙasa, a shafe tulun da ruwan ƙyalli mai bayyana abin da ke ƙarƙashinsa, a gasa shi a tanderun itace da zafin da ya haura maki 1,200. Abin da ke fitowa tulu ne mai ƙirar Gwari, mai taurin dutse, mai sheƙi kore-kore ko baƙi-baƙi, zanen yana haskowa daga ƙarƙashin ƙyallin. Kafin wannan lokaci ba a taɓa ganin irinsa ba, a Najeriya ko a Turai.

Nasararta ta buɗe wa wasu mata ƙofa. Kafin Cardew ya bar aiki a 1965, mata huɗu sun bi sawunta zuwa cibiyar: Halima Audu, da Asibi Ido, da Lami Toto, da Kande Ushafa. Suna aikin manyan tuluna tare a wani ɗaki da ake kira Ɗakin Gwari. Ladi mace ce mai fara'a da yawan raha, har aka yi mata laƙabi da Rediyon Abuja.

Tulun da ya daina sanyaya ruwa

Wannan ci gaba bai zo ba tare da hasara ba, kuma masana tarihin fasaha sun daɗe suna tattauna batun. Tulun da aka gasa da wuta mai tsanani aka kuma rufe jikinsa da ƙyalli ba ya tsattsafo da ruwa, don haka ba ya sanyaya shi. Ya yi nauyin da mace ba za ta ɗauke shi zuwa rafi ba. Ba a ɗora irin wannan yumɓu a murhu, domin zai tsage. Kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin matar ƙauyen da asali dominta ake gina tulu.

Ke nan tulun Ladi ya tashi daga kayan aikin gida ya koma kayan kallo. Masu sayensa su ne Turawa ma'aikata, da manyan jami'an gwamnati, da gidajen tarihi. Ita kanta cibiyar, wadda aka kafa da niyyar wadata gidajen 'yan Najeriya da kayan tangaran, ba ta iya yin gasa da kwanukan ƙarfe masu fenti da ake shigowa da su da araha ba, balle robar da ta biyo baya.

Amma ta wani gefen, wannan sauyi ne ya sa duniya ta tsaya ta dubi aikin matan Gwari da idon daraja. Shekaru aru-aru mata suna gina tukwane masu ban mamaki a wannan ƙasa, tukunya ta yi aikinta ta fashe, a jefar da katanga, ba wanda ya san sunan wadda ta gina. Gidajen tarihin Turai ma idan sun ajiye irin waɗannan kaya, sunan ƙabila kawai suke rubutawa. Ladi Kwali tana cikin matan Afirka na farko da aka baje aikinsu na yumɓu da sunansu, aka saya saboda sunan, aka kuma ajiye shi a jere da na manyan magina na duniya.

Daga Abuja zuwa Landan da Amurka

A 1958 aka baje kayan cibiyar Abuja a zauren Berkeley da ke Landan, aka sake a 1959 da kuma 1962. A kowane karo tulunan Ladi ne suka fi jan hankalin masu kallo da masu saye. An kuma nuna aikinta a bukukuwan samun 'yancin kan Najeriya a 1960.

A farkon shekarun 1960 ta yi tafiya zuwa Ingila da kanta, inda ta nuna yadda take gini a gaban ɗalibai da malamai a makarantun fasaha na Landan da Farnham, da kuma Wenford Bridge, wurin aikin Cardew a yankin Cornwall. Ta yi irin wannan nuni a Faransa da Jamus. Gani ya kori ji. Maginan Turai, waɗanda suka tashi da tunanin cewa babbar tukunya mai daidaito sai da keken juyi, suka zuba ido suna kallon mace ɗaure da zane tana kewaya curin yumɓu, cikin ɗan lokaci tulu ya miƙe a gabansu. Ba ta buƙaci dogon jawabi ba, hannunta ya wadatar.

A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, suna nuna sana'arsu a jami'o'i da kwalejoji, ciki har da na baƙaƙen fatar ƙasar. A lokacin matasan baƙaƙen Amurka suna cikin neman sanin asalinsu na Afirka, don haka zuwanta ya yi musu tasiri ƙwarai.

Masu neman ilimi kuma sun riƙa zuwa wurinta har gida. Fitacciya a cikinsu ita ce Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya, wadda ta zo cibiyar Abuja a 1974 ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da sauran matan. A yau Odundo tana cikin maginan da suka fi shahara a duniya, kuma ba ta ɓoye cewa daga matan Abuja ta samo tushen salonta ba. Ita kuwa cibiyar, bayan tafiyar Cardew, wani Bature mai suna Michael O'Brien ne ya ci gaba da jagorancinta na wasu shekaru, Ladi tana nan a matsayin ginshiƙinta.

Lambobin yabo da rasuwarta

A 1963 Birtaniya ta ba ta lambar girmamawa ta MBE. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, abin da ya sa ake kiran ta Dakta Ladi Kwali. Wannan karramawa tana da ma'ana ta musamman, domin babbar jami'ar Arewa ce ta amince cewa ilimin da ke hannun macen da ba ta yi boko ba ilimi ne cikakke. A 1980 Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar NNOM, wadda ita ce mafi girma da ƙasar ke bai wa masana da masu fasaha saboda aikin basira, sannan a 1981 aka ƙara mata da lambar OON.

A daidai waɗannan shekaru ne ƙasar haihuwarta ta shiga wani babban sauyi. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta samar da Babban Birnin Tarayya. Aka yanki ƙasa daga yankunan da ke kewaye, Kwali da Gwagwalada da Tungan Maje suka faɗa cikin sabon yankin. Sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ta haka garin da aka haifi Ladi ya koma ƙarƙashin Babban Birnin Tarayya, wurin aikinta kuma ya zauna a Jihar Neja.

Sarki Sulaimanu Barau ya rasu a 1979, Cardew ya bi shi a 1983. Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agustan 1984, tana da kimanin shekara 59. Ba ta ga ranar 12 ga Disambar 1991 ba, ranar da gwamnati ta tare a sabon birnin da aka gina a ƙasar kakanninta.

Abin da ta bari

An sauya wa cibiyar Suleja suna zuwa Cibiyar Tukwane ta Ladi Kwali. A birnin Abuja akwai titi mai sunanta a unguwar Wuse, akwai kuma babban zauren taro mai sunanta a otal ɗin da aka daɗe ana kira Sheraton. A watan Fabrairun 2007 Babban Bankin Najeriya ya fitar da sabuwar takardar Naira 20 ta leda, da hoton Murtala Muhammed a gaba, da na Ladi Kwali a baya. Ta haka takarda ɗaya ta haɗa shugaban da ya zaɓi wannan ƙasa ta zama babban birni da 'yar asalin ƙasar da ta riga birnin yin suna a duniya.

Tulunanta suna ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a birnin Washington, da Jami'ar Aberystwyth a yankin Wales. A 2022 an yi wani baje koli a zauren Two Temple Place da ke Landan a kan mata baƙaƙen fata da aikin yumɓu, wanda aka buɗe da aikinta. A ranar 16 ga Maris na wannan shekara kamfanin Google ya sanya zanenta a shafinsa na farko domin tunawa da ita.

Idan ana lissafa matan da suka kafa tarihi a Najeriya, akan fara da Sarauniya Amina ta Zazzau da yaƙe-yaƙenta da ganuwowinta, da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da tsarin 'Yan Taru da ta kafa don ilimantar da mata, da Funmilayo Ransome-Kuti da Hajiya Gambo Sawaba da gwagwarmayarsu ta neman 'yancin mata. Waɗannan sun yi fice ta hanyar mulki da malanta da siyasa. Ladi Kwali ta shiga wannan sahu ta wata ƙofa dabam, ƙofar sana'ar da miliyoyin matan karkara ke yi kullum ba tare da an ɗauke ta a bakin komai ba.

A nan ne kuma tambaya take ga na baya. Har yanzu akwai mata masu ginin tukwane a Kwali da Giri da Ushafa, kuma matafiyin da ya bi hanyar Gwagwalada yakan ga tukwane jere a bakin titi. Amma robar ajiye ruwa da tukunyar alminiyom da firij sun ƙwace mafi yawan kasuwarsu. Faɗaɗar birni tana cinye filaye da wuraren da ake haƙar yumɓu, 'yan mata da dama kuma ba su ga abin da zai zaunar da su su koyi sana'ar iyayensu ba. Wannan ilimi ba a littafi yake ba, a hannu yake. Idan tsohuwar maginiya ta rasu ba ta koya wa kowa ba, ya tafi ke nan, ko da tulunta yana cikin gilashi a Landan.

Tarihin Ladi Kwali ya nuna abubuwa uku da suka haɗu har baiwarta ta fito: iyaye mata da suka koya mata sana'a tun tana ƙarama, da Sarkin da ya ga darajar aikin talakarsa ya ajiye shi a fada, da cibiyar da ta ba ta wurin aiki da albashi da hanyar kasuwa. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya fi ƙarfin hukumomin Babban Birnin Tarayya da Jihar Neja, da masarautu, da makarantun yankin a yau. Yumɓun da ta yi aiki da shi yana nan a ƙasar Kwali, jikokin matan da suka koya mata kuma suna nan a ƙauyukan da ke tsakanin Suleja da Gwagwalada.